Ɗan Maƙera da Aka Kira Mai Gumaka

Na daɗe ina son rubuta wannan labari, amma nauyin ambaton abin da ya shiga tsakanina da mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ke riƙe mini hannu. Abin da ya sa na yanke shawara yanzu wani yaro ne ɗan Daura da ke karatu a jami'a. Kwanan baya ya zo wurin aikina, ya zauna kan benci yana ta murza hularsa, da ƙyar ya iya faɗa mini cewa a gida an ce ya zaɓa, ko karatun sassaƙa ko su. Ina sauraronsa ƙirjina na bugawa, domin na san wannan zaɓi, na kuma san abin da ya ci mini.

A cikin birnin Katsina aka haife ni, gidanmu gidan ƙira ne kaka da kakanni. Maƙeran baƙi ne mu, masu fartanya da garma da lauje da gatari. Ina ƙaramin yaro aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, kuma tun kafin nan na riga na san zaman bakin zugazugi. Aikina na farko a duniya shi ne zuga. Baba zai tura ƙarfe cikin gawayin ƙirya, ni ina ta zuga har kafaɗuna su yi tsami, shi kuma ba ya kallona, launin ƙarfen yake kallo. Idan ya yi ja irin wanda yake so, sai ya cafko shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, masaɓa ta fara sauka. Gab da faɗuwar damina ba ma samun sukunin cin abinci a zaune, saboda manoma daga ƙauyuka sun yi layi da kayan gyara. Kowace fartanya da ta fito daga hannun Baba yakan yi mata wata 'yar alama, tsaga uku ƙanana kusa da wuya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Ni kuwa zuciyata tana wurin laka. Idan aka yi ruwa sai mu tafi bakin kududdufi mu kwaso yumɓu, yara na yin motoci da tukwane, ni dawaki nake yi. Duk shekara ina tsayawa a Ƙofar Soro in kalli hawan Sallah, in haddace yadda doki ke lanƙwasa wuya idan an ja linzami, yadda lifidi ke sauka a jikinsa, in dawo gida in fitar da shi da yatsuna. Wata rana na tafi makarantar allo da wani doki da mahayinsa a aljihu, ya faɗo gaban Malam. Na sadaƙar zan sha bulala. Malam ya ɗauka ya jujjuya shi, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Kai ka yi wanga?" Na ce ni ne. Sai ya sa babban yatsansa a hankali ya ɓalle kan mahayin, ya ɓalle na dokin, ya miƙo mini sauran. Ya ce, "Allah ya ba ka hannu, amma rai ba naka ba ne." Ban fahimta ba a lokacin. Kuka kawai na yi a hanyar gida, ina riƙe da kawunan biyu a tafin hannu.

A sakandare wani ɗan bautar ƙasa da ke koya mana zane ya ba ni labarin sashen fasahar zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Da na samu gurbi na ce wa Baba zane zan karanta. Shi a ganinsa zan dawo in riƙa rubuta allunan shaguna ko in zama malamin makaranta, ya sa albarka, ya sayar da tumaki biyu ya haɗa mini kuɗin rajista. Ban yi masa ƙarya ba, amma ban gaya masa gaskiya duka ba, kuma na san hakan tun ranar. Nan ne laifina ya fara, ba na ɗora shi kan kowa.

Zariya ta buɗe mini ido. Ranar farko da na shiga lambun da ɗalibai ke jera ayyukansu na siminti da ƙarfe, wasu sun fi ni tsawo sau biyu, sai da na nemi wuri na zauna. A nan na ji tarihin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958, tun kafin makarantar ta zama jami'a a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa ba, sai sun haɗa abin da suka koya da abin da suka gada a gida. Na ji labarin Ben Enwonwu da aikinsa na tagulla mai suna Anyanwu da ke gidan tarihi na Legas, wanda Najeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irinsa a 1966. Na ga hotunan kawunan gasasshiyar laka na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Abin da ya fi girgiza ni shi ne jin cewa a ƙasar Katsina ma an tono irin waɗannan kawuna na mutanen da, kuma masu fasa-ƙwauri sun kwashe su da yawa zuwa ƙasashen waje, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari. Wato a ƙasar da na taka ina yaro, wasu sun taɓa zama suna murza laka kamar yadda nake yi.

Na koyi ɗaure rodi a yi ƙashin aiki kafin a ɗora laka, na koyi fitar da mazubi, da zuba siminti, da yadda ake siffata abu da kakin zuma a lulluɓe shi da laka a gasa, kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Wurin walda da ƙarfe kuwa ba wanda ya kamo ni, domin wuta ba baƙuwata ba ce. Da lokacin zaɓen fanni ya yi, na zaɓi sassaƙa.

Aikin da ya jawo mini komai kan wani tsoho ne. An ce kowa ya yi kan mutum, ni kuwa hannuna ya tafi da kansa ya fitar da fuskar Baba, har da tabon tartsatsin wuta da ke gefen girarsa. Malamai suka yaba, na ɗauki hoto kusa da shi ina murmushi. Hoton nan ya bi hannun wani ɗan'uwa har ya isa gida. Da na zo hutu na tarar da Baba a maƙera shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Ya ciro hoton daga aljihun gaba ya ajiye kan uwar maƙera, ya ce, "Ashe gumaka na tura ka ka koyo? Kuma da fuskata?" Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya mai da ƙarfensa wuta, ya kira ƙanena ya zo ya yi masa zuga ina durƙushe a wurin. Daga ranar, tsakanina da shi sai gaisuwa.

Ina so mai karatu ya gane cewa Baba ba jahilci ne ya sa shi haka ba. Na san hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, na karanta su tun ina yaro. Malamai sun yi saɓani kan hoto da 'yar tsanar yara da surar da ba ta cika ba, amma cikakken mutum-mutumi mai jiki, maganar mafi yawansu a kansa a fili take. Ba ni da amsar da zan ba shi, kuma ba ni da ƙarfin halin zama in nemi amsa. Sai na gudu. Ina gama bautar ƙasa na wuce Legas.

A Legas na fara da zama yaron wani babban mai sassaƙa, ina kwaɓa siminti, ina goge faiba, wato zaren gilashi da ake zuba sura da shi, har ƙaiƙayinta ya hana ni barci, a cikin shagon nake kwana kan kwali. Bayan 'yan shekaru wani gidan baje koli ya karɓi ayyukana. Wanda bai san harkar ba yana ganin fitilu da manyan mutane da tsadar da aka rubuta a jikin bango, sai ya zaci mai aikin ya yi arziki. Gidan baje kolin kan ɗauki kusan rabin kuɗin, kai za ka sayi kayan aiki, kai za ka biya motar da za ta kai, kuma aiki na iya shekara a ajiye ba a taya ba. Sannan da yake ni ɗan Arewa ne, abu biyu kawai ake nema a wurina, mahayin dokin hawan Sallah da Bafulatana mai tallar nono. Na yi su har na daina ƙirgawa. Hannuna ya ƙware, zuciyata kuwa ta bushe.

Kuɗi sun ɗan shigo, na riƙa aikawa gida. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana saboda alkunya, maganarta da ni kullum gajeriya ce. Wata rana a waya ta ce mini game da Baba, "Kai, kuɗin da kake aiko wa Malam suna nan ƙarƙashin buzunsa, ko kwabo bai taɓa ba. Ya ce kada a sa su cikin tukunya." Na kashe wayar na zauna bakin titi, motoci na wucewa, ban san lokacin da magariba ta yi ba. A shekarun nan ne kuma na nemi aure a unguwarmu, magana ta yi nisa, sai aka aiko cewa an bincika, ba za a ba mai gumaka ba.

Saboda haka da aka zo mini da maganar kwangilar ƙawata wani shataletale a wani gari na Arewa, na ɗauka Allah ne ya buɗe mini hanyar komawa gida. Babu surar mutum ko dabba a ciki. Na zana wata ƙatuwar ƙwarya da ludayi a kan ginshiƙai huɗu masu zanko irin na ginin gargajiya, da dagi a kowace fuska. Na ce wannan ko Baba zai iya tsayawa a gabansa. Ɗoki ya rufe mini ido. Ta hannun wani mai shiga tsakani aka yi maganar, da baki, takardar da na riƙe ba ta wuce wasiƙar amincewa da zane ba. Aka ba ni kashi ɗaya cikin uku na kafin alƙalami, aka ce sauran sai an gama. Ana cikin haka, a 2016, darajar naira ta faɗi, kuɗin rodi da farantin ƙarfe suka tashi. Maimakon in tsaya in ce a sake lissafi, sai na ji kunyar a ce na kasa. Na ci bashi wurin masu sayar da ƙarfe. Da abin ya ƙi, Inna ta sayar da filin da ta gada wurin mahaifinta ta ba ni, ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Wata bakwai muna aiki, ni da yara shida. Ranar da aka ɗaga ƙwaryar aka ɗora, mutane suka taru suna ɗaukar hoto, na yi sujada a gefen titi. Sauran kuɗin kuwa har yau. Wanda ya ba da aikin aka canza masa wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai ga fayil ba, mai shiga tsakani ya daina ɗaukar waya. Shekara biyu ina zarya, ina zama kan bencin ofis tun safe har a tashi. Daga baya aka zo faɗaɗa hanya, aka tumɓuke shataletalen. Ba wanda ya sanar da ni. Wani direba ne ya ce mini ya ga ana yanka aikina. Da na isa, na bi sawu har wurin 'yan gwangwan, na tarar da ɓarin ludayin a kan sikeli, wani yaro na karanta nauyinsa da ƙarfi. Na gane layin waldata a jikinsa, inda na bi sau biyu don kada ruwa ya shiga. Na sa hannu na shafa, yaron ya ce, "Alhaji, saye za ka yi?" Ban iya ba shi amsa ba.

Don in biya bashi na koma waldar ƙofofi da tagogi, dare da rana, sau da yawa ba gilashin kare ido. Idanuna suka riƙa kwana suna zubar da ruwa kamar an watsa musu yashi. Wani dare, gajiya ta yi mini yawa, faifan injin yankan ƙarfe ya fashe ya sare ni a hannun hagu. An ɗinke, amma yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Haka na dawo Katsina da jaka ɗaya da hannu a naɗe. Sai ga korona a 2020, gidajen baje koli suka rufe, 'yan ayyukan da na bari a Legas suka maƙale.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Na shige ɗakin soro na rufe. Ba na fita sai sallah, wani lokacin ita ma a ɗaki. Abinci Inna za ta aiko a mai da shi yadda ya zo. Ba na iya haɗa ido da ita saboda filin nan. Na riƙa jin cewa duk abin da ya same ni sakayya ce, kuma mutuwa ta fi mini sauƙi. Yanzu na san ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane, yana da magani, kuma da na je asibiti da wuri da ban kai haka ba. Wani abokina ma'aikacin jinya ne ya matsa mini har na je.

Wata safiya na ji an ƙwanƙwasa ƙofar da sanda. Baba ne. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya ce, "Taso ka yi mani zuga, yaran sun tahi makaranta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na bi shi. Na zauna inda nake zama ina ɗan shekara bakwai, na kama zugazugi da hannu ɗaya da rabi. Muka yi makonni a haka, ba mai cewa komai sai abin da ya shafi wuta.

A zaman nan na lura da abin da ya canza. Da, manoma gyara suke kawowa. Yanzu mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya su ne ke zuwa, kuma sayarwa suke yi. Mutum zai kwance ƙota ya kawo ƙarfen fartanyarsa a auna, don ya sayi awon da yara za su ci a daren. Wani dattijo ya zo da garma wadda bakinta ya cinye har ya zama kamar jinjirin wata. Baba ya karɓa, ya bi wuyanta da yatsa, ya tsaya. Tsaga ukun nan ce. Ya ce, "Wagga ni na ƙera ta." Dattijon ya ce shekara da shekaru yana noma da ita, yanzu gonar ba ta shiguwa. Baba ya biya shi fiye da kuɗin gwangwan, ya ajiye garmar a lungu. Bai narka ta ba. Haka ya riƙa yi da duk wadda aka kawo, alhali shi ma ba wadata gare shi ba, har suka yi tsibi.

Ni kuma tsibin nan ya hana ni sakat. Wani dare na jawo tsohon injin waldata na fara haɗa su, ban zana komai ba. Garemani suka zama gindi, fartanyu suka zama rassa, laujuna suka zama ƙananan ƙayoyi. Sai da ya kai tsawon mutum na gane gawo nake yi. Duk manomi ya san gawo: da damina, lokacin da kowace bishiya ke kore, shi yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana da taki, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da abinci. Shi ya sa ba a sare shi a gona. Gawon nawa ba ganye, gona kuma ba mai noma.

Da asuba bayan masallaci Baba ya shigo ya tarar da shi. Na tsaya gefe jikina na rawa. Ya zagaya shi, ya kai hannu yana lalubar fartanyun ɗaya bayan ɗaya yana neman alamarsa. Ya daɗe. Sannan ya zauna kan kututture ya ce in zauna. Ya karanto mini labarin mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin surori yake ci, Ibn Abbas ya faɗa masa gargaɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutumin ya firgita, sai ya ce masa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ni ma na san shi. Baba ya ce, "Ban taɓa cewa ka bar aikin hannu ba. Ni ma da hannu nike ci. Ba ka zo ka tambaye ni ba, kuma ni ban kira ka ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kukan da ban yi ba tun ranar dokin laka.

Daga nan ban ƙara yin surar mai rai ba. Wannan shawarata ce ni kaɗai, ba fatawa nake ba kowa ba, kuma ina da abokai Musulmi da Kirista da suka bi wata hanyar, ina girmama su. Abin da zan iya shaida shi ne ban rasa abin faɗa ba. El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, da murafan kwalabe ya yi ayyukan da suka kai shi ga babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2015. Mu kuwa muna da Hasumiyar Gobarau tsaye da laka a tsakiyar gari, muna da zanen bango da sassaƙar ƙwarya da ƙirar da muka gada, ban ko taɓo gefensu ba tukuna.

Gawon farko ya je baje koli a Abuja, wata mata ta tsaya gabansa tana karanta sunayen ƙauyukan da na rubuta a ƙasa, ta ce mahaifinta daga ɗayansu ya fito. An saye shi. Na nemi dattijon nan mai garma da wasu da na iya samu na ba su rabonsu, na fara rage bashin masu ƙarfe. Baba ya ci daga kuɗin wannan aiki, da bakinsa ya ce a sayo nama. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ya rasu. Da muka ɗaga buzunsa muka tarar da kuɗin Legas a ƙulle cikin leda yadda na aiko su, muka yi sadaka da su bisa shawarar malaminsa.

Yau ina da rumfar aiki a bayan gari da yara biyar masu koyo, ba wanda ke kunna inji ba gilashi a idonsa. Ba na taɓa aikin gwamnati ko na kamfani sai da yarjejeniya a rubuce, da lauya, da biya kashi-kashi, da sharaɗin abin da za a yi da aikin idan an tashi cire shi. Wahala ba ta ƙare ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin janareta da na motar kai kaya Legas suka ninka, masu saye kuma yawancinsu ba a nan suke ba. Filin Inna har yanzu ban gama mayar mata ba, saura kaɗan. Na yi aure, muna da 'ya ɗaya.

Yaron nan ɗan Daura na ba shi wannan labari duka, har da ɓangaren da na ɓoye wa Baba gaskiya. Na tambaye shi ko ya taɓa zama da mahaifinsa ya nuna masa ainihin abin da yake yi, ya ce tsoro yake ji. Mun yi da shi ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci za mu tafi Daura tare. Na ce ya riga ni gaya wa mahaifin nasa cewa wani ɗan maƙera daga Katsina zai zo gaishe shi. Na wanke hoton gawon babba, na kuma ware fartanya ɗaya mai tsaga uku da zan riƙa masa.